Ginin Gidajen Jere a Yammacin Zamfara da Matsalar Kiyaye Su

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa tsofaffin shiyoyin Anka ko Gummi ko Bukkuyum da ƙafa zai lura cewa da wuya ya iya nuna inda wannan gida ya ƙare, wancan ya soma. Katanga ce ta jar ƙasa ta miƙe tun daga bakin lungu har ƙarshensa, ba abin da ke yanke ta sai ƙofar zaure nan da can, da bakin indararo da ya leƙo daga sama, da rariya a ƙasa. Baƙo sai ya zaci gidan wani attajiri ne guda, alhali kuwa gida goma ne ko fiye, kowanne da maigidansa. Irin waɗannan gidaje da suka jeru, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, su ne aka kira gidajen jere a wannan maƙala.

Abin da ya jawo maganarsu shi ne, a wasu ƙasashe, musamman Ingila, jerin gidaje irin wannan yana cikin kayan tarihin da doka ta fi tsarewa. A ƙasar Hausa kuwa doka ta san fada da masallaci da ganuwa, amma ba ta san layin gidajen talakawa ba. Maƙalar za ta bayyana yadda ake gina waɗannan gidaje da abin da ke riƙe da su, domin a ga dalilin da ya sa ba a iya kiyaye gida ɗaya daga cikinsu a bar saura.

Abin da ya matse gidajen wuri ɗaya

Garuruwan nan uku suna cikin kwarin kogin Zamfara ne, a yammacin jihar da aka cire daga Sakkwato a 1996. Anka ita ce mazaunin Sarkin Zamfara. Bayan da Gobirawa a ƙarƙashin Babari suka ci Birnin Zamfara cikin shekarun 1760, sarautar ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, ta zauna Kiyawa, ta zauna Banga da Sabon Gari, kafin ta tabbata a Anka wajen shekarun 1820. Gummi kuwa mazaunin Sarkin Mafara ce. Wanda ke son tarihin nan filla-filla ya san inda zai nufa, domin Bajamushen nan Kurt Krieger ya buga tarihin Zamfara a 1959 bayan ya zauna a Anka, Dokta Garba Nadama kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977.

Abin da ya shafi gini a cikin wannan tarihi abu ɗaya ne. Garin da aka zauna a zamanin yaƙe-yaƙe, tsaro ne ke yanke masa iyaka. Mutum bai isa ya koma bayan gari ya yi gida shi kaɗai ba, don haka duk yawan da jama'a suka yi, a ciki suke matsuwa. Sa'an nan ga gādo. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya, a yi 'yan shekaru ana gandu, daga baya kowa ya nemi cin gashin kansa, sai a ja katanga a tsakiyar gidan, a huda sabon zaure a kan lungu. Gida ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, duk a bayan tsohuwar katangar waje. Watau jerin ba wani magini ne ya zauna ya tsara shi rana ɗaya ba, rabon gādo ne da maƙwabtaka suka haife shi sannu a hankali. Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya auna gidajen birnin Zariya ya buga sakamakon a 1982, ya nuna yadda gidan Bahaushe ke girma ya ƙanƙance tare da iyalin da ke cikinsa: ɗaki ya tashi in an yi aure, ya faɗi in mai shi ya mutu ko ya ƙaura. Abin da ya gani a Zariya shi ne ke gudana a kowane tsohon gari na ƙasar Hausa.

Fuskar gida da cikinsa

Gidan jere na Bahaushe ba ya kallon titi, baya yake ba shi. Abin da ya nuna wa mai wucewa shi ne zaure kurum, da dakali a gefensa, da filin da Zamfarawa ke kira garka. Daga zaure sai ƙofar gida, inda ake ɗaure doki ko jaki, samari kuma su yi ɗakunansu, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida. Ƙofar shiga zaure da ta fita ba sa fuskantar juna, domin kada idon wanda ke waje ya zarce ciki. Taga in akwai ta ƙarama ce, can sama da tsayin mutum. A cikin gida ne ɗakunan mata suke, da turaka, da madafa, da rumbu ko rufewa, da makewayi a can ƙurya.

Saboda haka duk adon da maigida zai yi, a zaure yake zuba shi. Nan ake ganin zankaye a kusurwoyi, da rawanin da ya kewaye rufi, da zanen dagi ko wani zane a saman ƙofa. Mai wucewa yana iya karanta arzikin mutanen lungu daga zaurukansu ba tare da ya tambayi kowa ba: wannan soro ne mai ɗaurin guga, wancan na azara ne shimfiɗaɗɗe, na gaba kuwa zagayayye ne da jinka. Katangar da ta haɗa su kuwa iri ɗaya ce, launi ɗaya, domin daga kududdufi ɗaya aka ɗebo ƙasarta. Kyan lungun daga nan yake fitowa, kuma shi ne abin da ke fara ɓacewa da zarar an saka bulo a tsakiya.

Ƙasa da azara

Aikin gini na rani ne. In an kawar da amfanin gona, sai a haƙo birji daga kududdufi, a jiƙa shi, a tattaka da ƙafa, a zuba masa ciyawa da kashin dabbobi, a bar shi ya yi kwanaki yana ruɓa, ana juyawa ana ƙara ruwa. Daga wannan kwaɓi ake mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a shanya shi a rana wajen mako biyu. Magini yakan hau kan bango ya zauna kamar mai hawan doki, lebura na jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa, yana jera tubalin tsininsa na kallon sama, yana cike tsakani. Ba a ɗaga bango gaba ɗaya. Sai a yi 'yan sahu a bari su sha iska, gobe ko jibi a ɗora. Gindin bango ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba, yana tafiya yana tsukewa, shi ya sa ginin ƙasa ke da wannan kama ta abin da ya zauna daram. Wannan kauri kuma shi ne ke tare zafin rana, ɗaki ya yini da sanyi, da dare lokacin hunturu bangon ya sako ɗumin da ya sha.

Rufi kuwa aikin azara ne, watau itacen giginya da aka tsattsaga. An zaɓe ta ne domin gara ba ta cika damunta ba, ga ta da jure nauyi. Amma tana da iyaka. In tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kamu huɗu, watau kusan mita 2, azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasar da za a zuba mata ba tare da ta lanƙwashe ba. Kusan duk hikimar maginin Hausa a kan wannan iyaka ta taru. Yakan gicciya azara a kusurwoyin ɗaki, abin da ake kira tauyi, domin ya rage faɗin da ya saura. Ko ya kafa ginshiƙi a tsakiya. Ko kuma, in gwani ne, ya fito da azara daga cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, yana ɗaurewa yana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. In bakunan suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, shi ne ɗaurin guga. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a karkata ta wajen indararo.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura. Azarar ɗakin da ke jikin katangar tsakani, cikin katangar take shiga. Sau da yawa ɗakin wannan gida ya kafa azararsa daga gabas, ɗakin maƙwabci ya kafa tasa daga yamma, katanga ɗaya na ɗauke da rufi biyu. Nauyin kowane ɓangare yana tokare na ɗayan. Ranar da aka cire ɗaya, ɗayan ya rasa abin da yake jingina da shi.

Abu na ƙarshe shi ne yaɓe, kuma shi ne ran ginin. Ƙasa ba ta tsoron rana, ruwa take tsoro, musamman ruwan da iskar gabas ke jifan bango da shi a farkon damina. Don haka ake shafe bango da rufi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Masu hali kuwa laso suke yi, wanda ake haɗawa da katsi na ramin marina da gashin majema da ruwan dafara, shi kan daɗe 'yan shekaru kafin a sake. Abin lura shi ne, laso ya rataya ne a kan sana'o'i biyu da ba na gini ba. In marina ta mutu babu katsi, in majema ta tashi babu gashi, magini kuwa ko ya fi kowa gwaninta ba shi da abin da zai shafa. Daɓen ƙasan ɗaki aikin mata ne, suna bugu da madaɓi suna waƙa, kuma ɗaliban adabin baka sun san waƙoƙin daɓe sarai, ko da yake ba kowa ne ya taɓa tambayar abin da ya sami waƙar ba tun da siminti ya maye gurbin daɓen.

Katangar tsakani a shari'a

Tun da katanga ɗaya na bauta wa gida biyu, dole ne rigima ta riƙa tashi a kanta, kuma malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Akwai hadisin da Abu Huraira ya ruwaito, wanda ke cikin Muwaɗɗa, da ya yi hani ga mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa. Imamu Malik ya ɗauki wannan a matsayin abin da ake so a yi, ba wanda alƙali zai tilasta ba. Akwai kuma ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa, wadda a kanta aka gina hukunce-hukuncen indararon da ke zuba a gidan wani, da tagar da ke leƙa cikin gidan maƙwabci, da masai da aka haƙa a gindin katangarsa. Wani magini na birnin Tunis mai suna Ibn al-Rami, a ƙarni na 14, ya tara waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda, ya kuma bayyana yadda ake gane mai katanga in an yi jayayya: a duba da ginin wa ta sarƙe, azarar wa ke kanta. A nan gida ma, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya rubuta littafi a 1836 domin taimakon alƙalai wajen yanke husuma, a ciki har da mas'alolin gini da maƙwabtaka.

Sai dai mafi yawan irin wannan rigima ba ta kai wa gaban alƙali. Mai unguwa da dattawan shiya da magini ne ke zuwa su duba, su ce wane ya gyara nan, wane ya juya indararonsa. Watau dai lungun Bahaushe yana da dokar kiyaye shi tun kafin zuwan Turawa, ko da yake ba sunan da aka ba ta ke nan ba. Abin da take tsarewa shi ne haƙƙin maƙwabci, ginin kuwa ya tsira a dalilin haka.

Yadda abin yake a Ingila

Turawan Ingila sun isa ga gidajen jere ta wata hanya dabam. Bayan gobarar da ta cinye birnin Landan a 1666, dokar sake gina birnin ta 1667 ta wajabta gini da jan bulo ko dutse, ta kuma ƙayyade kaurin bangon da ke tsakanin gida da gida domin ya tare wuta. Daga nan attajirai suka shiga sayen fili suna gina layi guda na gidaje masu kama ɗaya suna sayarwa. Misalin da ya fi shahara shi ne Royal Crescent a garin Bath, gida 30 da aka jera kamar jinjirin wata, wanda John Wood ƙarami ya tsara, aka soma a 1767 aka gama cikin shekarun 1770. Abin sha'awa a nan shi ne fuskar kurum Wood ya tsara. Kowane mai saye ya gina bayan nasa yadda ya ga dama, don haka wanda ya zagaya ta baya zai ga kowane gida da irin tsayinsa da rufinsa. Ta wannan fuska lungun Anka da layin Bath sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato, domin dukansu fuska ɗaya suke nuna wa titi, kowa kuma yana sha'aninsa a ciki. A ƙarni na 19 aka gina wa ma'aikatan masaƙu dubban irin waɗannan gidaje, ƙanana, kamar na Saltaire da Titus Salt ya gina wa ma'aikatansa tun daga shekarun 1850.

Dokar tsarin gari ta 1947 ce ta kafa rajistar gine-ginen tarihi da ba a taɓa su sai da izini. Amma ba a daɗe ba aka gane cewa rajistar gida ɗaya-ɗaya ba ta wadatar ba, domin in aka tsare gida na biyar aka rushe na huɗu da na shida, abin da ya saura ba shi ne abin da aka so tsarewa ba. Saboda haka a 1967 aka yi wata doka da ta ba hukumomin gari ikon keɓe unguwa sukutum a matsayin wurin kiyayewa, aka fara da garin Stamford. A 1996 kuma aka yi doka ta musamman a kan bangon tsakani, wadda ta wajabta wa mai son taɓa shi ya sanar da maƙwabcinsa a rubuce tun kafin ya soma. Hukumar UNESCO ta sa Bath cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, Saltaire kuma a 2001.

Abin da dokar Nijeriya ta tsare

A Nijeriya dokar kayan tarihi ta farko an yi ta ne a 1953, sa'an nan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. In aka duba abin da aka yi wa rajista a Arewa, za a ga Gidan Makama da ganuwar Kano, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da kufan Surame, da Gidan Madaki a Kafin Madaki ta ƙasar Bauci. Dukansu ko dai na sarauta ne, ko na addini, ko na yaƙi. Ba mai musun cancantarsu. Amma mutumin da zai san ginin Hausawa daga wannan jeri kaɗai sai ya zaci Bahaushe bai taɓa kwana a gida ba. Gidajen talakawan Anka da Gummi da Bukkuyum ba sa ciki.

Ko shahararren gini ma, shahararsa ba ta isa ta tsare shi yadda yake ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830 zuwa 1840, shi ne ake ɗauka ƙololuwar ɗaurin guga a ƙasar Hausa. Cikin shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini na kankare, aka rushe wasu sassansa. Wanda ke son ganin siffarsa ta waje a yau sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Z. R. Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, ya assasa, inda aka gina kwatankwacinsa.

Misalin da ya fi kusa da abin da ake magana a kai yana Jamhuriyar Nijar. A 2013 UNESCO ta yi wa tsohon garin Agadas rajista gaba ɗayansa, ba hasumiyar masallacinsa mai tsayin mita 27 da fadar sarki kurum ba, har da unguwanni da gidajen ƙasa da lungunan da ke tsakaninsu. Sai dai akwai darasi na biyu a garin Jenne ta ƙasar Mali, wadda aka yi wa rajista a 1988. Mazauna garin sun daɗe suna kukan cewa an hana su gyara gidajensu yadda zamani ke bukata, an mai da su masu gadin kayan kallo, kuma a 2016 aka sa garin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Doka in ta hana mutum taɓa gidansa ba ta taimake shi da komai ba, ƙaura zai yi ya bar wa ruwa.

Abin da ke cin gidajen a yau

Siminti da kwano su ne na farko, kuma ba adalci ba ne a zargi wanda ya koma gare su. Gidan ƙasa kowace shekara sai ya ci kuɗi da ƙarfi, azara ta yi tsada tun da giginya ta ragu, kuma duk damina ana jin labarin ginin da ya faɗa wa masu barci. Wanda ya sami hali ya sa bulo, neman kwanciyar hankali yake yi. Matsalar ita ce a gidan jere ba wanda ke gyara nasa shi kaɗai. In mutum ya rushe ɓangarensa ya tayar da bangon bulo mai kaurin inci 6 ko 9, katangar maƙwabcinsa da ta shekara aru-aru a rufe sai ta wayi gari tsirara, ga wani ɗan rami tsakaninta da bulon wanda hannu ba ya shiga balle a yaɓe, ruwa kuwa yana shiga. In ya ɗaga harsashinsa, ruwan lungu ya koma gindin ginin na kusa da shi. In ya rufa kwano, bakin kwanon ya riƙa kwarara a kan rawanin maƙwabci. Wanda kuma ya ce bari ya shafe bangon ƙasa da siminti ya huta da yaɓe, ya jawo wa kansa wata cutar, domin siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bangon ya ruɓe daga ciki fuskarsa na nan sumul. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a lungun ƙasa kuwa tsagar gida ɗaya ta ishi gida uku. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agusta na 2024 ta nuna haka a fili, domin ginin ƙasa in gindinsa ya kwana cikin ruwa zaunawa yake yi, ya ja na jikinsa.

Na biyu ya keɓanta da wannan yanki, kuma ya fi ban tausayi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega, inda yara fiye da 400 suka rasu. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa, cikin gida ake kawo su a daka a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Katangar da aka yi domin ta tsare iyali ita ce ta tsare ƙurar a ciki. Wankin ma'adinin kuma a kududdufai ake yinsa, su ne kuwa inda ake ɗibar ƙasar tubali da ta yaɓe. Aikin tsabtacewa da aka yi, wanda ya kai Bagega a 2013, ya ƙunshi kankare ƙasar tsakar gida a kai ta a binne, a zubo sabuwa. Abin da wannan ya koyar game da gini shi ne, gidan ƙasa da ramin da aka haƙo shi abu ɗaya ne. Duk wanda zai yi maganar kiyaye tsohuwar shiya a wannan yanki, tilas ya fara da tambayar daga wane rami za a ɗebo ƙasar yaɓenta, kuma wa ya auna ta.

Na uku shi ne rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankin, har a 2018 da bayanta 'yan gudun hijira suka cika wurin da ake gina sabuwar fadar sarki a Anka. Gidan bulo in an rufe shi an tafi, ana iya dawowa bayan shekaru a same shi. Gidan ƙasa damina biyu ko uku ba yaɓe sun ishe shi, indararo ya toshe, rufi ya jiƙe, azara ta zame. A cikin gari kuwa akasin haka ne ke faruwa: jama'a sun yi yawa, ana yanka ƙofar gida a yi ɗakuna, ana mai da zaure shago ko ɗakin haya, tsarin nan na zaure da shigifa da cikin gida yana rikicewa.

Inda za a iya somawa

Ba a bukatar jiran Abuja ko UNESCO kafin a taɓa komai. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum suna da hakimai da masu unguwanni waɗanda har yanzu ake kai wa ƙarar katanga da indararo. Abu ne mai yiwuwa su zaɓi lungu ɗaya ko biyu a kowane gari, su sa sharaɗin cewa mai son rushewa ya sanar da maƙwabtansa na dama da hagu, ya kuma ɗauki nauyin rufe katangar da ya tona. Wannan ba baƙon hukunci ba ne, yana cikin littattafan da alƙalan ƙasar nan suka karanta. A bar mutum ya ja ruwa da lantarki, ya gyara makewayinsa, ya sa siminti a ƙasan ɗakinsa. Abin da za a roƙe shi ya bari shi ne zaure da katangar waje. In kuwa ana son ya bari, sai a taimaka masa da azara da makuba da ladan magini, domin kyan lungun na kowa ne, bai kamata kuɗin ya zama nasa shi kaɗai ba.

Sashen Hausa ma yana da nasa rabon, kuma wannan ba ya bukatar izinin kowa. J. C. Moughtin ya buga littafinsa a kan ginin Hausawa a 1985, na Dmochowski ya fito a 1990 bayan rasuwarsa, Hamman Tukur Sa'ad kuma ya yi kundinsa a kan maginan Hausa a 1981. Dukansu da Turanci suke, kuma hankalinsu ya fi karkata ga Kano da Zariya da manyan birane. Kalmomin da maginin Zamfara ke kiran sassan aikinsa da su, da karin harshensa, da kirarin da ake yi masa, da abin da yake cewa da lebura in yana son tubali ko ƙasa, duk suna bakin dattawan da 'ya'yansu da yawa suka koma buga bulo. Ɗalibin da ke neman abin rubuta kundi yana iya ɗaukar lungu guda, ya auna shi da igiya, ya zana gida-gida, ya rubuta wa ya gina wace katanga da azarar wa ke kanta. Lokacin yin haka shi ne tsakanin kaka da bazara, sa'ad da magina ke kan bango, domin in ruwa ya sauka kowa gona ya nufa.